Katangar da Muka Gina da Ruwan Wanki

Ban taɓa buga ƙwallo ba. Ƙafafuna ba su iya ba, kuma ina tsoron gilashin idona ya fashe, don na san ba za a sake saya mini wani ba. Amma na yi shekara uku ina magatakardan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Birni, saboda ni kaɗai ne ɗan lise, wato babbar sakandare, cikin masu zuwa kallo, kuma rubutuna ba ya karkacewa. In za a aika wa wata ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, takardar gayyata, ni ake nema. In an tashi daga wasa, nakan rubuta wanda ya ci da wanda aka kora a wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Wannan kam ba wanda ya sa ni.

Filinmu yana bayan ganuwa, tsakanin manyan duwatsu da hanyar jakuna. Iyayenmu ne suka tsince tsakuwarsa suka baje shi tun ba a haife ni ba. Da baƙo zai tambayi wa ke da ƙungiyar, da an rasa amsar ba shi. Telan bakin masallaci ke ɗinka riguna, a kai marina a rina su. Ƙwallo in ta fashe dukawa su ɗinke. Mai horar da ƴan wasa wani tsohon soja ne da ke tsawa kamar yana fareti, ba a taɓa ba shi komai ba sai goro. Yayana kuwa magini ne, kuma shi ne sarkin ihu a bakin fili. Ranar da aka ci mu, ko tuwo ba ya taɓawa.

Sai damina ta ƙi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mutanen Durum da na wajen Garagumsa suka fara shigowa gari da tabarmi da ƙorai, suna kafa bukkoki a gefen hanya. A gidanmu aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Mai tsaron ragarmu ya tafi Kano bai yi sallama da kowa ba. Ƴan baya biyu suka hau kamyo, babbar motar kaya, suka yi arewa. Waɗanda suka rage sukan zo horo da ruwan kunu a ciki. Wata rana ɗan gabanmu yana cikin gudu ya zauna a ƙasa, ya ce fili yana juya masa. Tsohon soja ya buɗe baki zai yi tsawa, ya fasa.

Majalisarmu ƙofar shagon tela ce, bayan la'asar. A nan aka fara maganar a nemi uban ƙungiya, kuma kowa ya san wa ake nufi. Akwai wani Alhaji mai fataucin fata da ƙirgi. A shekarar da shanu ke faɗuwa a kan hanya, shi kaɗai ne kasuwarsa ke gaba.

Yaya ya ce, "Ekip ɗin Zango suna da mai gida, ga su nan da takalma har da safa. Mu kuma muna nan muna taƙama da ƙungiyar kowa da kowa. Ƙungiyar kowa, cikin kowa ba komai."

Tela bai ɗaga kai daga kekensa ba. "Kai magini, ka taɓa ganin Alhajin nan a bakin fili?"

"Ba kallo muke so ya yi ba, Baba."

"Ya san mutum nawa ke buga wasa? Ka je ka tambaye shi. In ya ce maka ashirin kada ka yi mamaki."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai ko tela ma sai da ya shekara biyar kafin ya gane abin da ake kira satar gida. Tela ya ce har yanzu bai gane ba, kuma alƙalan wasa ma ba su gane ba. Daga nan ya tsayar da keke ya ce, "Ni dai abin da na sani, yau in mun ga dama mu zagi mai horarwa, gobe mu ba shi goro. Ranar da aka samu mai gida, bakinmu ya mutu."

Yaya ya ce, "To a ba yaran bakinka su ci."

Cikin mako aka je aka gai da Alhaji.

Gaskiya ya fara da kyau. Ya aiko da buhun masara aka raba wa ƴan wasa. Ya kawo riguna daga Kano masu lamba a baya, tela ya juya ɗaya ciki da waje, ya ce ɗinkin ba zai kai salla ba. Bayan haka Alhaji ya kira mu zaurensa ya shimfiɗa wata babbar takarda da wani ya zana masa. Katanga zagaye da fili. Ƙofar ƙarfe. Tirbin, wato rumfar ƴan kallo mai matakala da rufin kwano. Har da famfo a kusurwa. A garin da mata ke yini a layin ruwa, wannan ɗan zanen famfo ya fi komai shiga ran mutane. Alhaji ya ce ƙofa da kwano da siminti nasa ne, katanga kuwa sai unguwa ta yi gayya. Ya ce amma kafin a ɗora tubali ko ɗaya sai an sami takardar fili, kada a gama wahala hukuma ta ce ba ta san zancen ba.

Nan aikina ya shigo. Na rubuta takardar neman fili da Faransanci, da sunan ƙungiya, na sake kwafe ta sau uku har ta fita ba gogewa. Na kai ofishin da ke kula da filaye. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya karanta ya ce rubutu ya yi kyau, amma ƙungiyarmu ba ta da rajista, a wurin hukuma babu ita. Ko dai mu fara yin rajista, abin da zai ci watanni, ko a nema da sunan mutum guda.

Da na kawo wannan labari majalisa, ba a ɗauke shi matsala ba. A wurinmu ai ko ba dokar ofis, yara ba sa shiga gaban manya. In za a nemi aure, ko rumfa a kasuwa, ko wurin ɗaure jaki, sunan babba ake sa wa a gaba. Sa sunan wani ba na Alhaji ba ma raini ne. Tela kansa bai musa ba. Na koma na sake rubutawa da sunan Alhaji.

Amma abin bai kwanta mini ba. A lise an koya mana cewa takarda ba ta san abin da ke zuciyar mutum ba. Sai na zauna na rubuta ta biyu, gajera, layi shida: cewa filin amana ne a hannun Alhaji, na ƙungiya ne da unguwa, ba za a yi komai a cikinsa ba sai wasa. Na bar wurin sa hannunsa da na shaidu biyu. Na ninke ta na sa a aljihun gaba.

Ranar sa hannu zauren ya cika. Ga limamin unguwa, ga mai unguwa, ga dattawa. Alhaji ya sa hannu a takardar nema, ya ce, "Ni riƙo kawai nake yi muku. Wannan wuri na yaranmu ne." Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a, aka shafa Fatiha. Aka fara rabon goro.

Na matsa kusa da Yaya na nuna masa bakin takardar, na raɗa masa abin da ke ciki. Ya dube ni kamar na zo da najasa masallaci.

"Bayan an shafa Fatiha? Ka ce wa dattijo ya sa hannu a kan maganar da ya faɗa gaban liman? Kana so ka ce maƙaryaci ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"Mai da ita. Boko ya fara taɓa maka kai."

Na mai da ita. Ban sake gwadawa ba. Tela yana zaune taku uku daga inda nake, kuma na san da na miƙa masa da ya tashi ya yi magana, don shi ba ya jin kunyar kowa. Amma sai in tsallaka tabarmar dattawa, kowa ya juyo ya dube ni. Na karɓi gorona na fita tare da jama'a.

Wanda bai zauna Damagaram a shekarun nan ba, ba zai gane abin da ake nufi da gina katangar ƙasa a lokacin ba. Ƙasa akwai ta. Ruwan kwaɓa ta ne babu. Tabkin da magina ke yin tubali a bakinsa ya tsage tun kafin kaka. Ƴan garuwa kuwa ruwansu na sha ne, ba mai zuba shi a ƙasa. Yaya ne ya kawo dabara: kowane gida a ajiye tulu, a riƙa tara ruwan wanki da na wanke-wanke da na alwala. Da safe samari su zagaya da garewani su kwashe. Kakarmu ta yi ta faɗa da Barbarci, ta ce wannan ruwan shi take ba ɗan icen lemonta, amma ta bayar. Icen ya mutu kafin a kai rabin aiki.

Ciyawar da ake cuɗawa da ƙasa ma babu, dabbobi sun cinye har ta rufin bukka. Aka koma tsintar kashin jakuna. Tubalin yana warin sabulu da daddawa. Yaya ke tsaye a kan aikin tun daga asuba, da igiya da ma'auni, in layi ya karkace ya sa a rushe. Yana cewa, "Katangar da baƙi za su zo daga Maradi su gani ce, ba ta makewayi ba." Mahauta suka zo, maƙera suka zo, har tsohon soja yana taka ƙasa da wandonsa a naɗe. Tela ya ce shi bai yarda da aikin ba, amma kullum sai ya kawo garwa biyu da kansa, yana tafe yana mita. Ni ma na ɗauki tubali har kafaɗata ta sale. Wata uku muka yi.

Alhaji ya cika alkawarin ƙofa. Aka kafa ta, kore, mai ƙyalli. Muka buga wasa ɗaya a ciki, da wata ekip ta Sabon Gari, muka ci su biyu da ɗaya. Na rubuta a kayena. Ranar ce kuma muka fara ganin sabon salo. Ana shirin shiga fili direban Alhaji ya kawo wa tsohon soja ƴar takarda mai sunayen waɗanda za su buga, ciki har da ƴaƴan abokan kasuwancinsa biyu da ba su taɓa zuwa horo ba. Tsohon ya karanta, ya cire usur daga wuyansa ya ba direban, ya je ya zauna cikin ƴan kallo. Bai sake horar da kowa ba.

A majalisa aka rabu biyu. Wasu suka ce wanda ya ciyar da ekip shi ke da ta cewa. Wasu suka ce masara ya saya, ba mu ba. Yaya ya ce a yi haƙuri har a ga tirbin, in an samu wuri mai kyau sauran duk gyaruwa za su yi.

Bayan kwana kaɗan aka ga amalanke suna shiga da ƙiraga. Aka ce na mako guda ne, wurin shanyar Alhaji ya cika, kuma nan akwai katanga, karnuka ba za su shiga ba. Aka kafa turaku a tsakiyar fili aka miƙe fatu. Mako ya wuce, wata ya wuce. Wari ya kai har masallaci, ungulaye suka jeru a kan katangarmu. Ƴan wasa suka zo horo wata la'asar suka tarar da kwaɗo a ƙofa da mai gadi a zaune. Sannan aka sauke duwatsu da siminti a gefen yamma, inda zane ya nuna tirbin. Yaya ya je ya leƙa ta saman katanga, ya ga yadda aka ja layin tushe. Ya dawo ya ce, "Wannan ba tirbin ba ne. Mangaza ce, ɗakin ajiyar kaya." Magini ba ya ɓata a kan tushe.

Aka kai ƙara wurin mai unguwa. Da hantsi aka taru a zaurensa. Alhaji ya zo ba fushi ba ɗaga murya, ya gai da kowa da sunansa. Ya buɗe jakar fata ya fito da takardar hukuma mai hatimi, an maƙala mata takardar nema a baya.

Mai unguwa ya ce, "Wa zai karanta mana?"

Duk aka juyo wurina. Na tashi na karɓa, na karanta da Faransanci, na fassara layi bayan layi. Ban rage ba, ban ƙara ba. An ba wane ɗan wane fili kaza, iyaka daga duwatsu zuwa hanya. Babu ƙungiya a ciki, babu unguwa, babu ƙwallo.

Alhaji ya ce, "Ta bayan fa, ɗana, rubutun wa ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ni na tilasta ka?"

"A'a, Baba."

Ya juya wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, har gida suka kawo mini. Kuma ban ce na hana su har abada ba. Amma a dubi lokaci. Mutum nawa ke samun abin kai wa baki a shanyar fatun nan? Mutanen ƙauye ne, da ƴaƴansu a bukka. In kore su don samari su yi guje-guje?"

Yaya ya miƙe. "Gaban liman ka ce riƙo kake yi! An shafa Fatiha!"

Aka dubi liman. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi addu'ar alheri aka ce ya yi, ya yi. A watan nan kowa ya san daga ina hatsin gidansa ke zuwa, kuma ba wanda ya ga laifinsa sosai.

Sai tela ya ce, "To Alhaji, mun ji. Fili naka ne, takarda ta faɗa. Ka mayar mana da ruwanmu."

Wasu suka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. "Matata wata uku tana wanke yara a cikin kwano don kada ɗigo ya zube. Ita ma a karanto mata inda aka rubuta ta."

Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, a bar maganar haka, in Allah ya kawo damina Alhaji zai duba. Aka sake shafa Fatiha aka tashi.

A hanya ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani dai ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake yi wa ƴan boko, ya ce, "Mushe, ashe karatun naka na masu kuɗi ne," ya wuce. Yaya yana gabana, bai waiwayo ba har gida. Ni da shi mun san abin da ya faru a zauren Alhaji, kuma daga ranar ba wanda ya taɓa tayar wa ɗan'uwansa da maganar.

Ekip ta koma horo a wata ƙoramar yashi, inda ƙwallo ba ta gudu. Wasannin gida kuwa ba inda za a karɓi baƙi. Sau uku ana sa mana rana, sau uku ana ba abokan karawarmu nasara ba tare da an buga ba. Majalisar ƙofar tela ta koma maganar farashin tiya. In wani ya ɗauko zancen ƙwallo, sai a ce ai ƙungiya ba ta mutu ba, tana nan cikin jakar Alhaji.

Ana haka Alhaji ya aiko a kira Yaya. Yana neman wanda zai ɗora masa ginin mangaza, ya ce ya ga aikin katanga, babu magini kamarsa a Birni. Wata biyar ke nan ba wanda ya kira Yaya ko gyaran ɗaki, ga matarsa da goyo. Ya yi kwana biyu bai ba da amsa ba. A na uku ya ɗauki igiyarsa da ma'auninsa ya fita. Ya daina bi ta ƙofar tela, yakan zagaya ta bayan marina. Tela kuwa da aka gaya masa cewa ya yi, "Ku ƙyale shi. Aƙalla ginin zai miƙe."

Daga baya masu shirya gasa suka aiko cewa ko mu nuna fili, ko mu janye a rubuce. Na rubuta takardar janyewa. Sai da na gama na tuna ba ta da amfani sai da sa hannun shugaban ƙungiya, kuma har ranar ba a tuɓe Alhaji ba, don ba wanda ya san yadda ake tuɓe uba. Na tambayi wanda zai raka ni, kowa ya ce yana da aiki.

Na same shi a zaure bayan azahar. Ya sa aka ba ni ruwa mai sanyi cike da kofi, na shanye. Ya ce in gaya masa abin da ke ciki, na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce abin tausayi, yaran unguwa ba su da juriya. Ya sa hannu. Ya ɗaga takardar yana duban layukan, ya ce rubutuna ya fi na magatakardansa kyau, in na gama lise in zo, akwai wuri a mangaza.

Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba."